Yadda Za Ka Sayar da Tsohuwar A-kori-kurarka Mai Injin Dizal da Kanka

Masu karatu da dama sun sha aiko da tambaya kan yadda mutum zai rabu da tsohuwar motarsa ta a-kori-kura, irin su Toyota Hilux da Nissan da Mitsubishi L200 da Isuzu masu injin dizal, ba tare da ya ajiye ta a filin dila ta yi watanni rana na dukanta ba. Yawancinsu da maganar farashi suke farawa, alhali farashi shi ne mataki na biyar. Wanda zai sayi irin wannan mota, ko manomi ne, ko ɗan kasuwar hatsi a Dawanau, ko mai gidan bulo, ko mai kamfanin ruwan leda, aiki zai yi da ita, kuma abu biyu ne ke yanke masa shawara: takardun motar, da yadda injin yake tashi da sanyin safiya. Saboda haka aka jera matakan nan bisa tsarin da ya kamata a bi su, domin yawancin rigingimun da ke biyo bayan cinikin mota suna faruwa ne idan an yi mataki na tara kafin na ɗaya, ko an miƙa makulli kafin kuɗi su zauna.

1. Haɗa takardu kafin kowa ya ji labari

Ka fito da duk takardun motar ka shimfiɗa su a gabanka. Abin da mai saye zai nema shi ne takardar shaidar mallaka, da lasisin mota na shekara, da takardar ingancin hawa hanya wadda jami'an VIO ke bayarwa, da inshora, da takardar da aka ba ka lambar mota da ita, da takardun kwastam, sannan rasit ko yarjejeniyar da ka sayi motar da ita daga wanda ya gabace ka. Idan motar ta bi hannu uku kafin ta zo gare ka, ya kamata a iya bin sawun sunayen nan uku a takarda, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da giɓi ba.

Daga nan ka ɗauki tsumma da fitilar hannu, ka je jikin motar ka goge lambar shasi da ke buge a ƙarfen ƙasa, da wadda ke kan ɗan farantin ƙarfe na kamfani, da lambar inji, ka gwada su harafi da harafi da abin da ke rubuce a takardu. Kuskuren harafi ɗaya, kamar a rubuta B a madadin 8, ya isa ya sa a tsare mai saye a shingen bincike, shi kuma kai zai kira. A nan ne tsofaffin motocin dizal suka fi samun matsala, domin da yawansu an taɓa sauke musu inji an ɗora wani ɗan Beljiyam, takardu kuwa suna nan da lambar tsohon injin. Idan haka lamarin yake a motarka, ka nemo rasit ɗin injin da aka ɗora, ka je ofishin lasisin motoci na jiharka a gyara bayanin, haka ma idan an taɓa sauya mata launin fenti.

Takardun kwastam su ne suka fi taɓa farashi. Tun daga ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, don haka duk motar da takardunta suka nuna ta shigo bayan wannan lokaci mai saye zai so ya tabbatar da hanyar da ta biyo da kuma harajin da aka biya. Kana iya zuwa ofishin kwastam mafi kusa a duba maka lambar takardar a na'urarsu. Motocin da aka saya a gwanjon gwamnati ko na ƙungiyoyin agaji, waɗanda akwai Hilux da yawa a cikinsu, suna buƙatar takardar gwanjon da rasit ɗin biyan kuɗi, kuma idan an shigo da motar tun farko bisa rangwamen haraji, sai a nuna cewa an warware wannan batu da kwastam.

Gargaɗi: kada ka ba wani kuɗi a bakin ofis ya “haɗo” maka takardar da ta ɓata. Hanyar da doka ta sani ita ce rahoton 'yan sanda da takardar rantsuwa ta kotu, sannan ofishin da ya ba da ta asali ya sake fitar da wata. Inshorar bogi ma ta yi yawa, kuma ana iya tantance ta gaskiya a NIID, rumbun bayanan kamfanonin inshora na Najeriya da ke intanet, da lambar mota kawai. A watan Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da inshorar dole ta motar gida naira 15,000 daga 5,000, ta motar da ke ɗaukar kayan mai ita kuma naira 20,000, saboda haka duk takardar da aka yi maka a ƙasa da haka bayan wannan lokaci abin tuhuma ce.

Idan motar ta gado ce, a samu amincewar magada a rubuce kafin a yi tallarta. Idan da sunan kamfani take, a samu wasiƙar kamfanin mai hatimi. Idan kuma an jinginar da ita wajen karɓar bashi, sai an biya an karɓo takardun asali tukuna.

2. Ka sa bakanike ya duba ta kamar shi ne mai saye

Ka kira bakaniken dizal, wanda ba shi ne ya saba gyara maka ita ba idan da hali, ka biya shi kuɗin dubawa, ka ce ya zo da sassafe kafin a tayar da motar. Amfanin wannan shi ne ka san duk abin da bakaniken mai saye zai gano, ka san kuma nawa gyaransa zai ci, domin kada a tsorata ka da aibin dubu hamsin a zabge maka dubu ɗari biyar.

Ga yadda dubawar take tafiya. Zai ɗora tafin hannunsa a kan injin ya ji sanyinsa, ya murɗa makulli rabi ya jira fitilar hita, wato abin da ke ɗuma silindar injin dizal kafin a tayar, ta mutu, sannan ya tayar. Lafiyayyen inji yana kamawa nan take, ya ɗan yi tari da hayaƙi kaɗan, cikin ɗan lokaci sautinsa ya daidaita. Wanda sai an yi ta murɗawa, ko sai an taka totur, ko sai an tura, to ko dai hitocin sun mutu, wanda gyara ne mai sauƙi, ko kuma ƙarfin matsin injin ya ragu, wanda babban aiki ne. Sai ya koma bayan motar ya kalli salansa. Baƙin hayaƙi yawanci daga nozul ne, ko famfon injekta, ko toshewar filtar iska. Shuɗi yana nufin injin na ƙona baƙin mai. Farin da ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi ɗumi yana iya zama man da bai ƙone ba, ko ruwa ne ke shiga silinda.

Bayan haka zai kwance murfin baƙin mai yayin da injin ke aiki, ya ɗora shi a bakin ramin ba tare da ya ɗaure ba. Idan murfin yana ɗan rawa a wurinsa, da sauƙi. Idan iska ta cilla shi gefe hayaƙi na bulbulowa, ringi ya ci, kuma kowane mai saye da ya san dizal zai yi wannan gwajin a gabanka. Zai kuma leƙa bakin lagireto ya ga ko kumfa na tasowa ba ƙaƙƙautawa, alamar gasket ya ƙone ko tof silinda ya tsage, matsalar da aka san injinan Toyota na jerin L da ita, irin su 2L da 3L da 5L, idan sun taɓa yin zafi sosai.

Gargaɗi: murfin lagireto tun injin na sanyi ake buɗe shi. Buɗe shi da zafi yana watsa tafasasshen ruwa a fuska da hannu.

Sauran abubuwan dubawa su ne kulochi, da shigar giya musamman ta biyu da ta baya, da kukan aksil na baya, da sifirin ɗin da lodi ya kwantar ko ya karya, da ƙarfen shasi ko an taɓa yi masa walda. Idan motar mai jan ƙafa huɗu ce, a juya makullan da ke tsakiyar ƙafafun gaba a tsofaffin samfura, a saka giyar a gwada ta a kan turɓaya, domin gwada ta a busasshiyar kwalta yana wahalar da ƙarafan. A tambayi kuma yaushe aka canza bel ɗin taimin. A injinan L ana canza shi ne duk kilomita 100,000, a injinan Toyota na zamani masu kwamfuta da ake kira D-4D irin su 2KD da 1KD kuma 150,000, kuma idan ya tsinke ana cikin tafiya fistin na dukan bawul, aikin ya koma na sauke inji.

3. Abin da za a gyara da abin da za a bari

Ƙa'idar da nake bi a nan ita ce a gyara duk abin da kuɗinsa kaɗan ne amma yake ɓata ganin farko, a bar duk abin da kuɗinsa ba zai dawo a farashi ba. A juye baƙin mai, wanda a irin waɗannan injina yakan ci lita shida zuwa bakwai, a canza filtar mai da ta dizal da ta iska, a tsiyaye ruwan da ya taru a ƙasan filtar dizal, a sauya hitocin da suka mutu, a gyara fitilu da madubi da hannun ƙofa da sakatar ƙofar baya. Batir mai rauni yana sa lafiyayyen inji ya yi kama da marar lafiya, don haka idan naka ya gaji, canza shi ya fi maka riba a kan barin mai saye ya ji motar tana jan numfashi. Idan baƙin hayaƙin daga nozul ne, kai su wurin masu saitin injekta yakan biya kansa.

Sauke inji gaba ɗaya kuwa, ko sabon fenti, ko sabbin tayoyi huɗu, ban ga dalilin yin su don sayarwa ba. Mai saye ba ya yarda da aikin injin da ba a gabansa aka yi ba, kuma ya fi son a rage masa kuɗi ya kai wa nasa bakaniken. Sabon fenti a kan tsohuwar a-kori-kura tambaya yake jawowa, domin abin da mutum zai fara tunani shi ne wane hatsari ake rufewa. Game da taya, ka duba lambobi huɗu na ƙarshe da ke gefenta, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, domin hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, tana ɗaukar tayar da ta wuce shekara huɗu a matsayin wadda wa'adinta ya ƙare, kuma mai saye zai kawo wannan a ciniki.

Gargaɗi: kada ka yarda a zuba mai mai kauri don a ɓoye hayaƙi, ko a mayar da agogon kilomita baya, ko a cire ƙwan fitilar gargaɗi a dashbod. Wannan algus ne, kuma a shari'a mai saye yana da haƙƙin dawo da kaya idan ya gano aibin da aka ɓoye masa. Bayan haka, a garuruwanmu mai saye ba ya rasa wanda ya san gidanka.

4. Wanki da kwashe kaya

A wanke motar ciki da waje da ƙarƙashi, a share bayanta daga ragowar siminti ko taki ko hatsi, a ciro duk wata takarda taka da ke cikin aljihun dashbod. A kankare sunan kamfani ko tambarin ƙungiya ko hoton ɗan siyasa da ke jikinta. A haɗa safaya da jak da abin kwance taya da makulli na biyu wuri guda. Injin kuwa a goge shi sama-sama kawai, domin injin da aka wanke tas da safiyar ranar ciniki yana sa a zaci yoyon mai ake ɓoyewa, kuma ruwan matsi yana iya lalata wayoyin injinan D-4D.

5. Yanke farashi

Ka nemi motoci biyar zuwa goma masu irin samfurin taka da injinta da shekarunta, a shafin saye da sayarwa na Jiji da Facebook da filayen dila na garinku, ka rubuta kuɗin da aka sa musu. Ka tuna cewa wannan kuɗin nema ne, abin da aka sallama yana ƙasa da shi, kuma wanda zai faɗa maka gaskiyar abin da aka sallama shi ne bakanike ko direban da aka yi cinikin a gabansa. Kada ka gwada motarka da wadda aka sauke daga jirgi ba ta taɓa aiki a nan ba, domin kasuwarsu daban ce.

Abubuwan da ke ɗaga farashi su ne cikakkun takardun kwastam, da jan ƙafa huɗu mai aiki, da gida biyu maimakon ɗaya, da shasin da ba a taɓa yi wa walda ba, da injin asali. A wajen masu saye na karkara, tsohon inji mai famfon injekta na gargajiya irin 3L ko 5L na Toyota, ko TD27 na Nissan, sau da yawa ya fi farin jini a kan na zamani mai kwamfuta, saboda kowane bakanike na iya taɓa shi kuma yana jure man da ba shi da tsabta sosai. Ka san kuma cewa za a kawo maka kukan tsadar mai. A shekarar 2022 litar dizal ta tashi daga wajen naira 300 zuwa sama da 700 cikin 'yan watanni, abin da ya sa mutane da yawa suka guji motocin dizal, amma cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 ya rage tazarar da ke tsakanin man biyu, kuma injin dizal ya fi tafiya mai nisa da lita ɗaya idan an yi lodi. Wannan ita ce amsarka.

Ka yanke lambobi biyu, wadda za ka faɗa da wadda ba za ka sauka ƙasa da ita ba. A misali, idan ka ga irin motarka ana sallamawa a wajen naira miliyan takwas, bakanike kuma ya ce kulochi da sifirin za su ci dubu ɗari huɗu, to mafi ƙarancin abin da za ka karɓa yana wajen miliyan bakwai da dubu ɗari shida, abin da za ka faɗa kuma ya ɗara miliyan takwas da kaɗan domin a samu wurin ragi. Lambar da ba za ka sauka ƙasa da ita ba kai kaɗai za ka san ta. Idan ba matsuwa ce ta sa ka sayarwa ba, ka jira kaka, lokacin da amfanin gona ya shigo hannu kuma ake neman motar dakon buhuna.

6. Talla da sha'anin dillalai

Ka fara da na kusa, wato bakanikenka, da direbobin tashar a-kori-kura, da abokan sana'a, da shafinka na WhatsApp, domin irin wannan mota ta fi saurin tafiya ta bakin mutane. Sannan ka sa a intanet. Hotunan a ɗauke su da hantsi ko da yamma a fili: gaba, baya, gefe biyu, cikin gida, dashbod, inji, bayan da ake lodi, da duk wata lotsawa ko tsatsa. Ka ƙara ɗan bidiyo na tayar da injin da safe, wanda zai fara da allurar zafi tana ƙasa ya ƙare a bakin salansa. A rubutun tallar ka faɗi samfuri da shekara da irin inji, da matsayin takardu, da aibin da ka sani, da garin da motar take, domin wanda zai taso daga Gusau ko Azare ya san abin da zai tarar, kada a yi cinikin biri a sama.

Gargaɗi: ka rufe lambar motar a hoto, kuma kada ka tura wa kowa hoton takardunka ko cikakkiyar lambar shasi ta waya. Da irin waɗannan hotuna ake buga takardun bogi ga motocin sata, ko a yi tallar motarka a wani wuri a karɓi kuɗin mutane.

Ko ba ka nemi dillali ba, dillalai za su neme ka. Ba laifi ba ne, sana'a ce, kuma nagari a cikinsu yana kawo mai saye na gaske. Sharaɗin shi ne a yi maganar la'ada tun kafin ya kawo kowa, a san ko kaso ne, wanda wasu kan nemi biyar cikin ɗari, ko kuɗi ne tsayayye, a san kuma wanda zai biya. Idan ya ce, “Alhaji, kai dai faɗi naka, abin da ya hau nawa ne,” ka sani zai ɗora abin da zai iya korar masu saye, motar ta daɗe har a fara cewa tana da matsala. Kada ka ba dillali makulli ko takardun asali ya tafi da su.

7. Ranar gani da gwaji

A haɗu da rana a wurin da jama'a suke, kamar garejin bakanikenka ko gidan mai da aka san ka, kuma ka zo da mutum ɗaya aƙalla. Mafi kyau shi ne motar ta kwana a wurin, domin mai saye ya same ta da sanyi, ya tayar da hannunsa. Idan ka ɗuma ta kafin ya iso, ka zubar da babbar hujjarka, kuma wanda ya san mota zai taɓa injin ya gane. Ka nuna masa kwafin takardu, na asali kuma su fito a ranar biya. Ka bar bakanikensa ya shiga ƙarƙashi ya duba yadda yake so, amma ba a kwance komai ba, kuma naka bakaniken yana tsaye.

Wajen gwajin tuƙi, ka ga lasisin tuƙin wanda zai ja, ka ɗauki hoton katin shaidarsa ka tura wa wani naka, kai ka zaɓi hanyar da za a bi, kuma ka zauna a gaba. Kada mutanensa su fi naka yawa a cikin motar. Hanyar ta haɗa da kwalta inda za a kai giya ta biyar, da ɗan hawa inda za a ji ƙarfin inji da kulochi, sannan a dawo a bar ta tana aiki a tsaye na ɗan lokaci a ga inda allurar zafi za ta tsaya.

Gargaɗi: idan za ku yi musayar wurin zama a hanya, ka kashe motar ka zare makulli ka sauka da shi a hannunka. Kuma duk wanda ya ce a kai motar wani gari ko wata unguwa domin “maigida ya gani”, a ce masa maigidan ya zo ko ya turo wakili. A-kori-kura, musamman Hilux, tana cikin motocin da ɓarayi ke nema.

8. Ciniki da kafin alƙalami

Ka bar mai saye ya taya. Idan tayin ya yi ƙasa, “albarka” ta wadatar, ba sai an yi jayayya ba. Duk aibin da ya ambata, ka fito da kiyasin da bakanikenka ya yi, ka nuna masa cewa an riga an cire shi a farashi. Kada ka sauko sau biyu a jere ba tare da shi ya hau ba. Idan kun daidaita, a faɗi kuɗin a fili a gaban shaidu, a faɗi abin da ya shiga cikin cinikin, kamar safaya da rumfar ƙarfe ta baya, sannan ka sallama.

Idan zai ba da kafin alƙalami, a rubuta adadinsa da ranar da zai cika, da abin da zai faru idan ranar ta wuce. A mazhabar Malikiyya da aka fi bi a ƙasar Hausa ba a yarda mai kaya ya riƙe wannan kuɗi don mai saye ya fasa ba, saboda haka abin da ya fi tsabta shi ne a rubuta cewa idan wa'adi ya cika za ka mayar masa da kuɗinsa ka sayar wa wani. Wa'adin kada ya wuce mako guda. Motar da takardunta suna hannunka har a cika. Biya kashi-kashi bayan mota ta bar hannunka shawara ce da ban ba kowa ba, ko da ɗan'uwa ne, domin tsohuwar mota tana iya lalacewa a makon farko, daga nan kuma sauran kuɗin ya zama abin roƙo.

9. Karɓar kuɗi

A yi biyan a ranar aiki, da rana, a cikin banki idan zai yiwu. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi da suka wuce naira miliyan biyar ba ta hanyar banki ba, don haka tiransifa ita ce hanya, kuma ita ce ke bar maka shaida. Ka gaya wa mai saye tun kafin ranar ya tabbatar bankinsa zai bar shi ya tura adadin a rana ɗaya. Kuɗin su fito daga asusun da ke ɗauke da sunan wanda za a rubuta a yarjejeniya, idan kuma wani ne zai biya masa, a rubuta sunan mai biyan da dalili.

Gargaɗi: saƙon alat a waya da hoton rasit ba shaidar biya ba ne, domin ana ƙirƙirar su. Ka buɗe manhajar bankinka da kanka ka ga kuɗin sun hau kan abin da za ka iya cirewa, ko ma'aikacin banki ya buga maka bayanin asusu. Cek ba kuɗi ba ne sai ya fashe. Wanda ya ce ya yi kuskuren turo fiye da kima, a mayar masa da ragowar a wani asusu daban, a kai maganar banki kafin a taɓa ko kwabo.

10. Yarjejeniya da cire sunanka daga motar

Wannan ne matakin da aka fi sakaci da shi, kuma shi ne wanda illarsa ke zuwa bayan shekaru. Muddin rajistar motar na ɗauke da sunanka, idan aka yi hatsari da ita aka gudu, ko aka kama ta da kayan laifi, ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa.

A rubuta yarjejeniya kwafi biyu, mai ɗauke da cikakken suna da adireshi da lambar waya da lambar katin shaida na mai saye da mai sayarwa, da samfurin mota da launinta, da lambar rajista da ta shasi da ta inji, da abin da agogon kilomita ya nuna, da kuɗin da aka biya da yadda aka biya. A lissafa aibin da ka bayyana ɗaya bayan ɗaya, a rubuta cewa mai saye ya duba da bakanikensa ya karɓa a yadda take. A sa kwanan wata har da ƙarfe nawa aka miƙa makulli, domin daga wannan lokaci alhakin motar ya koma kansa. Kowane ɓangare ya kawo shaida ɗaya ko biyu su sa hannu, a manna hoton fasfo na mai saye da naka. Idan kuɗin da yawa, ɗan abin da lauya zai karɓa ya rubuta ta bai kai darajar kariyar da za ta ba ka ba.

Daga nan ku tafi tare, a ranar ko washegari, ku yi takardar rantsuwa ta canjin mallaka a kotu da rahoton 'yan sanda, ku kai ofishin lasisin motoci da ke ƙarƙashin hukumar tattara haraji ta jiha. A can ne za a mayar da rajistar sunansa, ko dai da lambar da ke jiki ko kuma ya karɓi sabuwa, kuma sabuwar lamba ta fi raba ka da motar gaba ɗaya. Bisa al'ada mai saye ne ke biyan kuɗin wannan aiki, amma a faɗe shi tun a wajen ciniki. Idan ya ce sauri yake yi zai yi daga baya, ka riƙe takardar shaidar mallaka ta asali har ranar da zai zo ku je tare, kuma a rubuta hakan a yarjejeniya. Mai sayen da zai fita da motar zuwa Maraɗi ko Damagaram ma a kammala komai da sunansa a nan, takardun ƙetare iyaka kuma su zama nasa.

Bayan an gama, ka sanar da kamfanin inshorarka cewa motar ta bar hannunka, ka cire na'urar bin sawu idan akwai ko ka mayar da ita kan lambar wayarsa, ka miƙa makulli na biyu. Ka ajiye kwafin yarjejeniyar da na katin shaidarsa da bayanin banki da kwafin sabuwar takardar da ta fito da sunansa a cikin fayil guda, ka kuma ɗauki hotonsu ka adana a imel ɗinka.